Kangayen Santo Stefano: yadda gidajen da aka gudu aka bari suka zama masaukin baƙi

A tsakiyar ƙasar Italiya, cikin yankin Abruzzo, akwai wani ƙauye da ake kira Santo Stefano di Sessanio. Yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,250, a gindin duwatsun Gran Sasso, tafiyar kusan awa biyu a mota daga birnin Rum. Gidajensa na farin dutse ne, a cunkushe, wannan ya jingina da wancan, lungunansa kuma mota ba ta shiga. A farkon ƙarni na 20 mazaunansa sun haura dubu. Kafin ƙarnin ya ƙare, waɗanda sunansu ke cikin rijistar ƙaramar hukuma ɗari ne da 'yan kai, galibi tsofaffi, kuma ba dukansu ke kwana a garin ba idan sanyi ya kama. Sauran gidajen an ja ƙofa an kulle, wasu rufinsu ya rufta, wasu ciyawa ta tsiro a tsakar ɗaki.

Yau mutane na tasowa daga Amurka, Jamus da Japan su biya kuɗi mai kauri don su kwana a cikin waɗannan gidaje, su wayi gari su bi lungu zuwa wurin karin kumallo. Ana yawan kawo sunan ƙauyen a matsayin misali idan ana maganar mai da kango masauki, ya kuma cancanci a kawo shi. Sai dai akasarin masu ba da labarin sukan tsaya a kan kyan ɗakunan, alhali abin da ya sa aikin ya yiwu ba a cikin ɗaki yake ba.

Tumaki suka cika garin, tumaki suka watsa shi

Santo Stefano garin makiyaya ne. A bayansa akwai faffaɗan filin Campo Imperatore, inda tumaki ke kiwo da zafi. Idan Satumba ta ƙare sai maza su kaɗa garke su gangara kudu zuwa filayen Puglia, su dawo a watan Mayu. Babban burtalin da suke bi, daga L'Aquila zuwa Foggia, tsawonsa ya kai kilomita 244, faɗinsa mita 111, kuma tun 1447 Sarki Alfonso na Aragon ya kafa ofishin karɓar harajin tumaki a Puglia. Da yake ulu ne arzikin wancan zamani, a 1579 gidan Medici, masu mulkin birnin Florence, suka sayi ƙauyen da ƙasar da ke kewaye da shi, suka riƙe su har 1743. Ulun da aka aske a nan can ake kai shi a saƙa. Tambarinsu na nan a saman ƙofar gari.

Daga baya aka soke ofishin harajin a 1806, bayan haɗewar Italiya kuma aka buɗe filayen Puglia ga manoma, makiyaya suka rasa mashekari. Ƙasar ƙauyen duwatsu ce, ba ta ciyar da mutum dubu. Sai aka shiga ƙaura, da farko zuwa Amurka, bayan yaƙin duniya na biyu zuwa Kanada, Faransa, mahaƙan kwal na Beljiyam da manyan biranen Italiya. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Talaucin nan ya yi wa garin wani amfani da ba wanda ya nufa. A shekarun 1960 da 1970, lokacin da kuɗi suka shigo hannun Italiyawa, ƙauyuka da dama sun rushe tsofaffin gidaje sun zuba na siminti, ko sun kewaye tsohon gari da sababbin unguwanni. Santo Stefano bai sami mai yi masa haka ba, don babu wanda ya ga dalilin kashe kuɗi a kansa. Ya tsaya yadda yake, daga ganuwar gidajensa sai gonaki sai dutse.

Mai saye

A 1999 wani matashi mai suna Daniele Kihlgren ya iso garin a kan babur, yana yawon buɗe ido. Ɗan Milan ne, mahaifinsa ɗan Suwidin, mahaifiyarsa Ba'italiya, ya karanta falsafa, kuma dukiyar danginsa daga sana'ar siminti ta fito. Wannan na ƙarshe abin a yi murmushi ne, domin mutumin ya ƙare yana yaƙi da siminti da kuɗin siminti. Ya fara sayen gida ɗaya, sannan ya ci gaba yana saye ɗaya bayan ɗaya har ya mallaki wani babban kaso na tsohon garin. Kamfanin da ya kafa don aikin shi ne Sextantio.

Sayen kango a irin waɗannan ƙauyuka ya fi gyara shi ɗaukar lokaci. Farashin ba shi ne matsala ba, don a lokacin gidajen arha suke kamar banza. Matsalar gado ce. Mai gida ya rasu shekara sittin da suka wuce ba a raba gado ba, 'ya'yansa sun watsu, jikoki sun ƙara watsuwa, ɗaki ɗaya sai ka tarar yana da masu shi goma, wani a Toronto, wani a Rum, wani ma bai san yana da haƙƙi ba. Dokar Italiya kuwa ba ta yarda a sayar da dukan gida sai kowane mai rabo ya sa hannu a gaban jami'in da ke tabbatar da ciniki. Ƙari a kan haka, ginin irin waɗannan garuruwa a sarƙe yake: ɗakin saman na wani gida ne, rumbun ƙasan na wani, matakala ta haɗin gwiwa. In ka sayi sama ba ka sayi ƙasa ba, ba ka da ikon taɓa harsashi. Duk mai shirin irin wannan sana'a da ya fara ƙidaya gadajen baƙi kafin ya gama ƙidaya magada, lissafinsa bai fara ba tukuna.

Takardar da ta fi gidajen daraja

Kihlgren ya lura da wani abu tun da wuri. Baƙon da zai taso daga nesa ba ɗaki kaɗai yake saye ba. Yana sayen abin da idonsa zai gani idan ya buɗe taga, da abin da zai tarar idan ya fito lungu. Waɗannan kuwa ba mallakar mai masauki ba ne. Ya san kuma cewa ranar da masaukin ya yi suna, ranar filayen da ke kewaye da garin za su yi tsada, masu su su fara yanka fuloti, a gina otal mai hawa huɗu da wurin ajiye motoci a daidai inda baƙi ke ɗaukar hoto. Nasarar da kanta ita za ta kashe abin da ake zuwa kallo.

Don haka ya gindaya wa ƙaramar hukuma sharaɗi: zai zuba jarinsa, ita kuma ta hana sabon gini a kewayen tsohon garin. A 2002 aka sa hannu a kan wata takardar alƙawari tsakanin ƙaramar hukumar, hukumar gandun ƙasa na Gran Sasso da Monti della Laga, da kamfanin nasa. Ba ƙaramin abu ba ne magajin gari ya amince da haka. Izinin gini na cikin hanyoyin da ƙananan hukumomin Italiya ke samun kuɗin shiga, masu filaye kuma su ne masu jefa ƙuri'a. An ce wa mutumin da ya gaji gona a bakin gari ya haƙura da ginawa a kanta, domin amfanin wani baƙo daga Milan. Abin da ya sa maganar ta shiga shi ne a lokacin filin ba shi da mai saye, hani a kan abin da ba wanda ke nema kuwa ba ya da zafi. Da an jira shekara goma, bayan kasuwa ta buɗe, da wuya a sami wannan sa hannun.

A ganina wannan ita ce dabarar da ta raba Santo Stefano da ɗaruruwan gidajen ƙauye da ake gyarawa a Turai kowace shekara. Gyaran ɗaki kowa mai kuɗi zai iya. Ɗaure hannun maƙwabta da na hukuma kafin riba ta bayyana, wannan sai wanda ya hango ƙarshe tun daga farko.

Gyaran da ba a son a ga alamarsa

Aikin ginin an damƙa shi ga mai zanen gine-gine Lelio Oriano Di Zio, ɗan yankin. Ƙa'idar da aka bi ita ce kada a ƙara ɗaki, kada a faɗaɗa taga, kada a daidaita bangon da ya karkace in dai ba faɗuwa zai yi ba. Inda dutse ya ɓace, sai a nemo tsohon dutse daga wani kangon. Haka katakan rufi, haka tubalin daɓe. Shafe kuma da farar ƙasa aka yi, irin wadda magabata suka yi amfani da ita.

Zaɓen farar ƙasa ba don ado ba ne. Tsohon bangon dutse yana shan danshi daga ƙasa, yana fitar da shi ta jikinsa. Farar ƙasa na barin danshin ya fita, tana kuma da ɗan laushi, idan gini ya motsa sai ta bi shi. Siminti yakan toshe danshin a ciki, ga tauri, sai bangon ya riƙa ruɓewa ta baya ba a gani. Duk wanda ya taɓa ganin katangar laka da aka yi wa filastar siminti, ta yi kyau shekara biyu sannan filastar ta ɓanɓaro da rabin katangar a damina ta uku, ya san abin da ake nufi.

Abin da ya fi jawo magana shi ne kunkunniya. Shekaru ɗaruruwa mutanen garin na hura wuta a murhu cikin ɗakuna masu ƙananan tagogi, bango da rufi duk suka yi baƙi. Kowane magini, in aka bar shi da hankalinsa, zai kankare ya shafa fari. A nan cewa aka yi a bar shi. Aka tsabtace bangon, aka ƙarfafa shi, amma baƙin na nan. Hujjar Kihlgren ita ce Italiya ta iya adana fadojin sarakuna da majami'u, amma gidan talaka in an tashi gyara shi sai an goge duk alamar talaucin, a mai da shi abin da bai taɓa zama ba. Shi kuwa so yake a ga gidan makiyayi a matsayin gidan makiyayi.

Amma baƙon da ya biya kuɗi ba zai kwana cikin sanyin da makiyayi ya kwana ba, a garin da dusar ƙanƙara ke rufe hanya. A nan ne kuɗin gyaran ya tafi, a ƙarƙashin ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Aka ɗaga tsohon daɓe, aka shimfiɗa bututun ɗumama ɗaki, da na ruwa, da wayoyin lantarki, sannan aka mai da daɓen mazauninsa. Aka ƙarfafa bangaye da rufi saboda girgizar ƙasa, ba tare da ɗora musu nauyin kankare ba. Banɗaki kaɗai aka bari ya fito fili a matsayin sabon abu. Gidajen asali ba su da shi, sai aka ƙi yin na ƙarya mai kamar tsoho, aka ajiye farin baho na zamani tsirara a gefen baƙin bango, kowa ya ga wannan na yau ne, wancan na da.

Kayan ɗaki ma bincike aka yi a kansu. An haɗa kai da gidan tarihin al'ummar Abruzzo da ke Pescara, aka bi tsofaffin garin ana tambayarsu yadda gado yake a da, me ake shimfiɗawa, me ake dafawa ran biki. Daga nan aka samo doguwar shimfiɗa ta katako a kan ƙafafun ƙarfe, katifar ulu, barguna saƙar hannu da zanen gargajiya, sabulu da kyandir na gida, da ƙaton makullin ƙarfe da ake miƙa wa baƙo. Babu talabijin a ɗakunan, babu ƙaramin firiji. Hasken ma an rage shi da gangan. Akwai baƙin da ke ƙorafin duhu da tsayin matakala, kuma ƙorafinsu na kan hanya. Wanda gwiwa ke damunsa ba wurinsa ba ne.

Ɗaki a nan, karin kumallo a can

Masaukin ya fara karɓar baƙi a tsakiyar shekarun 2000, da ɗakuna kusan talatin a warwatse cikin gidaje daban-daban. Wurin karɓar baƙi gida ɗaya ne, wurin cin abinci wani gidan, lungunan gari su ne barandar otal ɗin. Da safe baƙo zai fito ya wuce ƙofar tsohuwar da ba ta taɓa barin garin ba, ya isa inda aka jera burodi, cukun tumaki, zuma da kayan gashin gida. Da dare akwai miyar ƙananan waken adas da ake nomawa a gonakin kan dutsen, wanda ƙungiyar Slow Food ta sa cikin amfanin gonan da take karewa.

Tsarin ba Kihlgren ya ƙirƙiro shi ba. Italiyawa na kiran sa albergo diffuso, wato warwatsattsen otal, kuma ya samo asali ne daga yankin Friuli, inda bayan girgizar ƙasar 1976 aka sake gina gidaje a ƙauyukan Carnia amma babu mai zama a ciki. Masanin harkar yawon buɗe ido Giancarlo Dall'Ara ne ya tsara ƙa'idojinsa: shugabanci ɗaya, gidajen su kasance kusa da juna, kimanin mita 200 daga wurin karɓar baƙi, kuma dole garin ya zama yana da mazauna na gaske. Sardinia ce ta fara sa shi cikin doka a 1998. Bambancin wannan tsari da ƙaramin masauki na da muhimmanci ga mai jari, domin ƙaramin masaukin kwana da karin kumallo, a dokokin yankunan Italiya, 'yan ɗakuna kaɗan aka yarje masa, galibi a gidan da mai shi ke zaune. Irin wannan na iya ƙara wa iyali kuɗin cefane, amma ba zai biya kuɗin ɗaga daɓe da ƙarfafa harsashi ba. Sai ɗakunan sun yi yawa sannan albashin mai girki da mai shara da mai karɓar baƙi ke fita.

6 ga Afrilu, 2009

Da ƙarfe 3:32 na dare girgizar ƙasa ta auka wa L'Aquila, babban birnin yankin, mai nisan kimanin kilomita 30 daga ƙauyen. Mutum 309 suka rasu. A Santo Stefano, tsohuwar hasumiyar da ke tsakiyar gari, wadda ita ce hoton garin a kowace takardar talla, ta zube ƙasa. Masana da dama sun ɗora laifin a kan wani gyara na ƙarni na 20, lokacin da aka cire dandamalin katako na samanta aka zuba na kankare, kai ya fi jiki nauyi. Gidajen da Sextantio ya gyara kuwa sun tsaya, ɓarnar da suka samu kaɗan ce. Muhawarar farar ƙasa da siminti, wadda da ake ɗauka ta masu son ƙawa ce, a daren nan aka yanke ta.

Tsayuwar gini ba ta hana kasuwa faɗuwa ba. Baƙi sun ɗauke ƙafa daga yankin gaba ɗaya, hasumiyar kuma ta shekara goma sha biyu kafin a kammala sake gina ta a 2021. Tsakanin nan an sake yin girgizar ƙasa a tsakiyar Italiya a 2016 da 2017, sannan annobar korona ta rufe komai a 2020. Mai ɗaki uku da ya ci bashin banki ya gyara gidan kakansa ba zai jure irin wannan jerin ba. Kihlgren ya jure ne saboda yana da abin da zai jira da shi, kuma wannan gaskiya ce da masu tallar misalin ba su cika faɗa ba. A shekarar girgizar ma ya buɗe masauki na biyu, mai ɗaki 18, a cikin kogunan Matera da ke kudu, inda gwamnati ta kwashe mazauna a shekarun 1950 saboda munin halin da suke ciki.

Wa ya amfana

Ƙauyen ya canza, ba shakka. Bayan Sextantio wasu sun buɗe ƙananan masaukai da gidajen abinci da shagunan saƙa da na cuku. Gidajen da a da ba mai tayawa sun yi daraja, magadan da suka manta da garin suka tuna da shi, wasunsu suka gyara nasu don hutun bazara. Manomin adas ya sami mai saye a ƙofar gida. Garin ya shiga jerin ƙungiyar ƙauyukan da suka fi kyau a Italiya.

Akwai kuma abin da ke ɗan tsaya wa mutum a rai. Baƙin bangon da attajiri ke ɗauka hoto a yau, hayaƙin da ya shiga ƙirjin matan da suka yi hunturu su kaɗai ne, mazansu na Puglia da tumaki. 'Ya'yansu sun gudu daga wannan ɗakin ne, ba don ba su san kyansa ba. Ana iya cewa adana shi girmamawa ce ga wahalarsu, ana iya cewa sayar da ita ne. Ni na fi karkata ga na farko, don da an shafe bangon da fari da ba wanda zai ƙara tambayar su wa suka zauna a nan. Amma ban ga laifin jikan makiyayin da ya ga farashin ɗakin ya girgiza kai ba.

Babban gibin dai a ƙidaya yake. Aikin masauki na lokaci ne, garin kan cika a watan Agusta da ranakun hutu, ya koma shiru a Nuwamba. Mai aiki a otal na iya zama a L'Aquila ya riƙa zuwa da mota. Tsadar gidaje, wadda ta faranta wa magada, ita ce kuma ke hana matashi mai ƙaramin ƙarfi saye. Ƙa'idar Dall'Ara ta ce sai da mazauna na gaske, ga shi mazaunan suna tsufa.

A watan Oktoba na 2020, shekara ashirin da ɗaya bayan isowar babur ɗin Kihlgren, ƙaramar hukumar ta sanar cewa mazauna garin 115 ne, 41 daga cikinsu sun haura shekara 65, 'yan ƙasa da shekara 20 kuma 13 ne kacal. Ta yi tayin biyan duk wanda ke tsakanin shekara 18 da 40 kuɗin da zai iya kai yuro 8,000 a shekara har shekara uku, da tallafin da zai iya kai yuro 20,000 na kafa sana'a, da gidan haya a kan kuɗi kaɗan, in har zai zauna aƙalla shekara biyar. Masu nema sun haura dubu cikin 'yan makonni, gurbin kuwa na mutum goma ne ko kusa da haka. Cikin sharuɗɗan akwai cewa mai nema, in mazaunin Italiya ne, ya fito daga garin da ke da mutum fiye da 2,000, don kada a cika Santo Stefano da mutanen da aka kwaso daga wani ƙauyen da shi ma ke neman zama kufai.